Mai Lodin Kankanar da Na Samo wa Abokan Hamayya

Jiya na ji ɗayanku yana cewa wai shi ma zai iya aikina, tunda ba wani abu ba ne illa mutum ya hau mashin ya shiga ƙauye ya nemo dogo. Na ji ka sarai. Ba barci nake yi a bencin nan ba, ido kawai na lumshe. To ku matso, ku ajiye ƙwallon nan tukuna.

Aikina duba 'yan wasa. Ba ni nake horarwa ba, duk da kuna ce mini Koci Isa. Nawa shi ne in je in kalli yaro, in dawo in rubuta abin da ya iya, da abin da bai iya ba, da abin da nake jin zai iya nan gaba in ya sami mai koya masa. Wannan takardar ita ƙungiya take riƙewa ranar ɗaukar 'yan wasa. Ga wanda bai taɓa zuwa ba, a gasar matasan nan tamu ta ƙwallon kwando akan tara sababbin yara duk shekara a yi musu gwaji. Daga nan shugabannin ƙungiyoyi su zauna a zaure ɗaya, kowa ya kira sunan yaro guda, bi da bi, har a zagayo. Ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe bara ita take fara kira. In wani ya riga ka kiran suna, shi ke nan, sai dai ka kalli yaron a cikin rigar wasu.

Kayan aikina ba su cika jakar nan ba. Tef irin na tela amma dogo, alli, usur, agogon gudu, littafi da fensir, don biro yakan ƙi rubutu in gumi ya jiƙa takarda. Allin a yatsun yaro nake shafawa. Ya tsaya jikin bango ya taɓa, sannan ya daka tsalle ya sake taɓawa, tazarar da ke tsakanin alamomin biyu ita ce tsallensa. Daga Dawakin Tofa zuwa Zakirai da wuya ka sami firamaren da ban ɓata wa bango ba. Sai ƙwallo biyu, ɗaya mai iska daidai, ɗaya kuma na sassauta mata da gangan. Mai laushin ita ce mai tona asiri. Wani yaron in ka ba shi ita zai tsaya yana ƙorafin ƙwallo ba kyau. Wani kuwa bugu biyu zai yi ya gane, ya daina buga ta da ƙasa ya koma miƙa wa 'yan uwansa. Na biyun nake rubuta sunansa.

A hannun Malam Garba na koya, malamin wasanni ne a wata makarantar kwana wajen Dawakin Tofa, Allah ya jiƙansa. Ranar da na fara zuwa wurinsa ya yanko kwali ya ba ni, ya ce in kare idona da shi yadda ba zan ga komai a fili ba sai daga gwiwa zuwa ƙasa. Mako guda cur ina zaune ina kallon ƙafafu, ɗalibai suna wucewa suna tambayar ko ciwon ido nake yi. Ranar Asabar ya ce, "To Isa, wa ya fi iya wasa a cikinsu?" Na ce ban san fuskarsa ba, amma mai jan kambas ne da ya yage a babban yatsa. Ya yi dariya ya ce shi ne. Ya ce kowa ƙwallon yake bi da ido, shi ya sa kowa yake zaɓen yaro iri ɗaya. Bayan ƙafa ya koya mini in dubi abin da yaro yake yi da zarar ya yi kuskure. Wani yakan dubi hannunsa kamar ba nasa ba, wani ya harari abokinsa, wani kuma tuni ya juya da gudu zai tare gida.

Masu hulɗa da mu kuma kowa da irin tasa. Koci yana son wanda zai ci masa wasa gobe. Ciyaman yana son wanda za a gani daga nesa a ce na Alhaji ne. Iyaye kuwa duk ɗan da suka haifa gwani ne. Sai maganar shekaru. Akwai wanda ya zo mini a nan Rijiyar Zaki da takardar haihuwa sabuwa fil, wai shekararsa goma sha shida, haɓa an kankare ta da safe har da ɗan yanka. Ina tsaka da auna shi sai ga wata yarinya ta rugo tana cewa, "Baba, Umma ta ce in za ka dawo ka taho da gishiri." Na naɗe tef ɗina na ce ya gaida mutan gidan.

Ni ma na yi tawa shekarar ta kunya, kuma dogo ne ya ja mini. Sadisu sunansa, ana ce masa Falwaya. Sau ɗaya tak na kalle shi, hadari ya haɗo, na auna shi a gurguje, tef ya kusa ƙarewa shi bai ƙare ba. Na dawo na rubuta yabo shafi biyu. Ban gwada gudunsa ba, ban sa kowa ya ture shi na ga yadda zai yi ba. Ciyamanmu, Alhaji Uba dillalin taki, ya ɗauke shi da murna. Ashe bawan Allah ba ya son gudu, kuma ba ya son a taɓa shi. In ɗan wasa ya taho a guje sai ya matsa gefe ya ba shi hanya kamar motar asibiti ce za ta wuce. Muka zo na ƙarshe. Shi dai Sadisu yanzu gyaran wuta yake yi, da rufin asirinsa, kuma ba ya yawo da tsani. Ni kuwa Alhaji ya kira ni shagonsa ya ce, "Malam Isa, bana mu ne za mu fara kira, albarkacin aikinka. In ka sake kawo mini wani falwayan, ka nemi wata ƙungiyar."

Bayan damina na fita nema. Ranar wata kasuwa tayata ta yi faci a Zakirai, na zauna wurin mai faci ina jira. A tsallaken titi ana lodin kankana a wata mota kanta. Samari biyu suna ɗebowa daga tsibi biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, suna jefo wa wani da ke tsaye a tsakiya, shi kuma yana cilla wa na saman mota. Na tsakiyar nan na zuba wa ido. Ta dama ta zo ya cafe da dama, ta hagu ta zo ya cafe da hagu, alhali fuskarsa tana wajen direba suna gardamar wani abu. Manya yakan ɗaga su a hankali, ƙanana ya aika su a miƙe, kuma kowacce daidai ƙirjin na sama take sauka. Can na saman ya juya zai share gumi. Yaron ya riga ya ɗaga hannu zai saki, sai ya tsayar da ita cak, bai ko kalli sama ba. Na dubi ƙafafunsa, a kafe suke, ɗaya ɗan gaba kaɗan, gwiwa a sassauce. Har mota ta cika ko ɗaya ba ta fashe ba. Mai faci ya gama tun tuni yana ta yi mini magana ban ji ba.

Sunansa Modu, shekararsa goma sha bakwai, kuma na gaske ne, don a gaban mutane ya girma. Ɗan Baba Kyari ne, manomi kuma mai fataucin kankana. Kakansu ne ya taso daga Borno ya zauna a nan, Barbarcin ma gaisuwa kawai ta rage musu. Modu ba dogo ba ne, tsaka-tsaki ne, sai dai hannuwansa dogaye. Bai taɓa riƙe ƙwallon kwando ba.

Wannan karon ban yi gaggawa ba. Mako shida ina zuwa, Talata da Asabar. Muka zare wa wata tsohuwar ƙafar keke wayoyinta, muka kafa ƙarfen a jikin darbejiya a filin firamare, na tattaro samarin unguwa muka raba biyu. Abin da ya iya bai ɓoyu ba. Hannunsa ba ya zubar da komai, dama da hagu duk ɗaya ne a wurinsa, yana ganin wanda ke bayansa, kuma ba ya gajiya. Abin da bai iya ba shi ma ya cika shafi. Da farko ƙememe ya ƙi buga ƙwallon da ƙasa. Na ce, "Modu, buga ta mana." Ya ce, "Malam, hannun ne yake ƙi." Yaron da tun tasowarsa aka koya masa duk abu mai zagaye in ya taɓa ƙasa an yi ɓarna. Jifan kwando kuwa lallaɓawa yake yi, kamar akwai wani a ciki da zai karɓa. Yakan rungumi ƙwallo ya yi taku huɗu biyar abinsa, in na hura usur ya juyo yana mamaki. In kuma wanda zai tare ya girme shi, sai ya ji nauyin ture shi. Duk na rubuta, ban rage ba.

Da na gama na je wurin uban, bayan la'asar, a zaurensa. Baba Kyari ya kashe rediyo ya ce in karanta masa duka. Na karanta yabon, ko gezau. Na karanta aibun, nan ne ya riƙa gyaɗa kai.

Ya ce, "Ka gama?"

Na ce na gama.

Ya ce, "Ka bar babban. Yaron nan in ka daka masa tsawa, ya tashi daga aiki. Daskarewa yake yi, abin da ya sani ma ya ɓace masa. Tun yana ƙarami haka yake. Amma ka faɗa masa a hankali sau ɗaya, ba sai ka sake ba."

Mako shida ina tare da yaro ban gano ba, don ni ba mai ɗaga murya ba ne. Na ciro fensir na ƙara a ƙasan shafi.

Sannan ya ce, "Zan bar shi ya je. Amma kai na ba wa. Ban san birni ba, ban san ƙungiya ba, kai na gani kana zuwa rana da iska."

Na ce, "Baba, kada ka damu. Mu ne za mu fara kira bana. A wurinmu zai zauna, a gaban idona."

Ku riƙe wannan, don nan na yi kuskure. Ni nake rubutu, amma ba ni nake kiran suna ba.

Ranar gwaji a birni Modu bai burge kowa ba. Aka hura masa usur sau uku saboda taku. Ya jefa kwando ƙwallon ba ta ko kai ƙarfe ba. Can wajen ƙarshe mutum biyu suka rufe shi a gefe, sai ya saki ƙwallon ta bayansa, bai waiga ba. Ta tafi a miƙe ta sami abokinsa da ke tsaye shi kaɗai a ƙarƙashin kwando, ta bugi goshinsa, don shi bai san za ta zo ba. Fili ya ɗauki dariya. Na duba in ga ko akwai wanda bai yi dariyar ba. Mutum ɗaya ne, Koci Bala, na ƙungiyar da za ta kira ta biyu. Ƙato ne, kuma in yana ba da umarni a nan, masu shayi a bakin titi sukan amsa. Na ga ya zaro biro daga bayan kunne.

A yaran shekarar akwai wani dogo, Nura. Shi ba irin Sadisu ba ne, yana gudu, yana da zuciya, kuma haka na rubuta. Kafin a shiga zaure na ja Alhaji Uba gefe na ce, "Alhaji, Nura yana da kyau. Amma Nura mutum ɗaya ne. Modu zai gyara sauran huɗun da ke fili tare da shi. Mu fara da shi."

Ya ce, "Mai kankanar? Na farko? So kake a yi mini dariya a kasuwa?"

Na ce, "Bala ya gan shi."

Ya ce, "Kowa ya gan shi, ya fasa wa yaro goshi. Zai kai zagaye na biyu, sai mu ɗauke shi."

Aka zauna. Alhaji ya miƙe ya gyara babbar riga ya kira Nura, aka yi tafi. Kafin tafin ya lafa Bala ya miƙe, bai ko duba takarda ba, ya ce, "Modu Kyari." Gilashin taga sai da ya amsa.

Da muka fito Alhaji ya ga yanayina. Ya ce, "To mene ne? Ba ka ce kai uban ya ba wa ba? Ka yi shiru kawai. In ya ji ba wurinka ba ne zai hana, yaro ya zauna a gida, baɗi mu ɗauke shi a ruwan sanyi."

Maganarsa za ta yiwu, haka Baba Kyari zai yi. Sai dai ni na san abin da shekara guda take nufi ga ɗan goma sha bakwai da bai iya buga ƙwallo da ƙasa ba. In bai sami mai koya masa bana ba, baɗi hannun ya ƙara tauri, kuma ya kusa wuce shekarun gasar. Washegari da hantsi na je ƙofar gidan Bala na ce ya hau mashin. Da ya zauna sai da tayar gaba ta ɗaga. A hanya na faɗa masa abin da uban ya faɗa mini, wanda ba ya cikin kowace takarda sai tawa.

Bala ya ce, "Ni nake tsawa? Ni? Wa ya ce ina tsawa?"

Wasu masu yankan dawa a gona can nesa suka ɗago kai.

A zaure na faɗa wa Baba Kyari gaskiya. Na ce na yi alkawarin abin da ba a hannuna yake ba, wani ya riga mu, ga shi nan na kawo shi. Na ce kocin kirki ne, ya fi namu iya koyar da yaro daga tushe, aibunsa ɗaya ne kuma ai ya ji shi tun daga sallama. Baba Kyari ya jujjuya carbinsa. Can ya nuna ƙofa ya ce, "Malam Bala, ga Modu can ƙarshen gona yana ɗaure kara. Kira mini shi."

Gonar tana da tsawo, amma ba ta fi ƙarfin muryar Bala ba. Ya fita bakin ƙofa, ya ja numfashi, ƙirji ya cika. Sai ya tsaya. Ya waigo ya dube ni, ya dubi tsohon. Ya saki numfashin, ya tattare ƙafar wando, ya shiga kunyoyin gonar yana taka kututturen dawa da takalminsa na zuwa biki. Muna hango shi har ya isa, ya dafa kafaɗar yaron, ya sunkuya ya yi masa magana. Suka taho tare.

Baba Kyari ya ce mini, "Wannan zai iya. Kai kuma gobe ka dinga auna bakinka da tef ɗin nan naka."

Bayan wata huɗu muka haɗu da su a fili. Abin kallo ranar ba wasan ba ne, Bala ne. Yana tsaye a gefe yana surfa wa mutum huɗu ihu har jijiyar wuya ta tashi, in ya zo kan na biyar sai ya yafito shi, ya durƙusa, ya yi masa raɗa kamar mai neman aure. Modu kwando biyu kawai ya ci, jifan nasa har lokacin da saura, kamar yadda na rubuta. Amma kusan duk abin da suka ci ta hannunsa ya bi, kuma yanzu abokansa sun koyi ɗaga hannu tun kafin su ga ƙwallo. A tare gida ne na yi kuskuren lissafi. Na rubuta sai ya shekara biyu kafin ya iya ture na gaba da shi, ga shi a wata huɗu ya manne wa kyaftin ɗinmu ya hana shi sakat. Nuranmu ya yi iya yinsa, yana tsaye ƙarƙashin kwando hannu a sama, babu mai kai masa. Suka ci mu ci mai kyau.

Ana tashi Alhaji Uba ya aiko a kira ni wurin motarsa.

Ya ce, "Wannan shi ne yaron naka?"

Na ce shi ne.

Ya ce, "An ce kai ka ɗauki Bala a mashin ka kai shi wurin uban."

Na ce ni ne.

Ya ce, "Da niyyar sallamarka na fito yau. Amma na san ina sallamarka Bala zai ɗauke ka, ka ci gaba da samo masa irin waɗannan. To ga abin da za a yi. Baɗi in ka ga na miƙe zan kira sunan da ba shi ba, kada ka tsaya yi mini bayani. Ka kama mini riga."

Na ce, "Alhaji, a gaban mutane?"

Ya ce, "A gaban kowa."

Shekara ta zagayo. Na rubuta masa sunan wani siririn yaro daga wajen Dawakin Tofa, na ja layi biyu a ƙasa. Muka shiga zaure, Alhaji cikin sabuwar shadda fara mai aiki har ciki. Da layi ya zo kanmu na ga idonsa ya bar takarda ya tafi kan wani zabgegen saurayi da ke jingine da bango. Ya fara miƙewa, baki ya buɗe. Na kai hannu na damƙi hannun rigar. Shi yana yin sama, ni ina yin ƙasa. Shaddar ta ce ƙyaaat, daga kafaɗa har aljihu. Zaure ya yi tsit, Bala kaɗai aka ji ya ce "Subhanallahi", shi ma a hankali.

Alhaji ya dubi rigar, ya dube ni, ya dubi takardar. Ya tattaro yagaggen wurin da hannun hagu ya riƙe a kafaɗa, ya ƙarasa miƙewa, ya kira sunan siririn yaron.